Mita Goma a Tsohon Siton Shinkafa

Ba don gasa na sayi bindigar ba, don gafiya na saye ta. A shekarar da aka dawo da ni Wurno da aikina na malamin gona, gafiyoyi sun addabi tsohon siton shinkafar da ke bayan gidanmu, har sun haƙa rami daga gindin katanga zuwa ƙarƙashin buhuna. Wata ranar kasuwa na je Goronyo neman bel ɗin injin ban-ruwa, sai na gan ta jingine a rumfar wani mai sayar da tsofaffin ƙarafa. Bindigar iska ce, irin wadda ake karya bakinta a sa ƙwayar darma ɗaya a mayar. Ba albarushi, ba wuta, ƙararta ba ta wuce ta rufe murfin akwati ba. Mai rumfar ya haɗa mini da rabin gwangwanin darma, na naɗe ta a buhu na ɗaure a bayan babur.

Gafiya ɗaya tak na taɓa samu da ita, sauran tarko ne ya gama da su. Amma a zaman dakon da na riƙa yi a siton, na fara jera murafen kwalba bisa wani tubali ina harbi don rage zaman banza. A nan na lura da wani abu. Duk lokacin da na kafa ido a kan murfin nan, hayaniyar da ke kaina sai ta kwanta. Maganar takin da bai iso ba, manoman da ke jirana a fadama, rahoton da ban rubuta ba, duk sai su ja baya su ba ni wuri.

Wani abokin aikina da ke Rabah ne ya fara nuna mini cewa abin nan wasa ne da ake gasarsa. Mun je duba gonakin gwaji a wajen Tursa, muna hutawa a inuwa, na ba shi labarin murafen kwalbata. Ya yi dariya, ya lalubo wani bidiyo a wayarsa ya miƙo mini. Mutane ne a tsaye a jere cikin wani babban ɗaki, maza da mata, sanye da wasu riguna masu tauri, kowa da bindigar iska. Ba mai gudu, ba mai magana. Can gabansu, nisan mita goma, akwai takarda mai baƙin da'ira ƙarama, da zobba-zobba kewaye da ita. A tsakiyar baƙin kuma akwai ɗigo kamar kan allura, shi ne maki goma. Sau uku na kalli bidiyon kafin na mayar masa da wayarsa. Shekarata talatin da shida a lokacin, ban taɓa shiga gasar komai ba. Ko a ƙwallon unguwa gola ake sa ni, don ba na gudu.

Na yi ta tambaya ko akwai masu yin wannan wasa kusa da mu. Babu a Wurno, babu a Rabah, babu a Goronyo. Wanda duk na tambaya sai ya zaci farauta nake nufi, ya fara ba ni labarin zabbin daji. Sai na koma ga wayata. Na nemo dokokin wasan da Turanci, ina karantawa kaɗan-kaɗan ina rubuta abin da na gane a bayan littafin aikina: a tsaye ake harbi, ba a jingina da komai, harbi sittin ake yi cikin ƙayyadadden lokaci. Na ɗauko tef ɗin da nake auna gonaki da shi na auna siton. Mita goma sha ɗaya da rabi. Na kwashe buhunan gefe guda, na cika wani buhu da yashi na jingine shi a bangon ƙarshe don ya tare darma, na ja layi da gawayi inda zan tsaya.

Mahaifina yana nan gidan tare da mu. Gidanmu gidan rubutu ne tun kakanni, shi ma da hannunsa ya rubuta Alƙur'ani ba sau ɗaya ba, daga garuruwa ake aiko masa. Shekara biyu kafin wannan lokaci hawan jini ya kayar da shi. Ya tashi, Allah ya rufa asiri, amma hannunsa na dama ya kama rawa. Ranar da ya gwada rubutu ya ga abin da alƙalamin ya yi a takarda, sai ya tattara alƙalumansa da kwalaben tawada ya rufe a akwati. Tun daga nan yawancin yininsa a tabarma yake yinsa, ƙarƙashin dogon-yaron tsakar gida, da carbi a hannun hagu.

Wata safiya ina cikin harbi sai na ji sandarsa a bakin ƙofar siton.

"Mi kaka harbi nan ciki? Na zaci gahiyoyin sun ƙare."

"Sun ƙare, Baba. Takarda nika harbi."

"Takarda." Ya leƙo ciki. "Mi tay yi maka?"

Na yi masa bayani iya iyawata, har na nuna masa bidiyon. Ya kalla har ƙarshe. Da ya gama sai ya dubi bindigar ya ce, "Zamaninga ba a aje abin da yay yi kama da bindiga a ɓoye. Maƙwabta suna jin ƙara, ba su san ko mi na ba. Gobe ka naɗe ta mu tahi wurin hakimi."

Na ce ya bari in je ni kaɗai, saboda ƙafarsa.

"In kat tahi kai ɗai, mai bindiga na yaz zo," in ji shi. "In munka tahi tare, ɗana na."

Washegari ya sa babbar rigarsa da ya daɗe bai sa ba, na goya shi a babur a hankali. A wurin hakimi shi ya yi magana, ni na zauna ƙasa da buhuna a gabana. Daga nan aka tura mu ofishin 'yan sanda, suka duba ta, suka gaya mini takardun da zan cika da inda zan kai su a birni. Izinin ya ɗauki watanni kafin ya fito. A tsawon lokacin nan ban harba ko ƙwaya ɗaya ba, don Baba ya ce a jira. Abin da na riƙa yi shi ne in ɗauki wani guntun bututun ƙarfe mai nauyin bindigar, in tsaya a layin gawayina ina riƙe da shi har kafaɗata ta gaji. Daga baya na gane wannan jiran ya yi mini amfani fiye da yadda na zata.

Da izini ya fito na koma harbi, sai matsalar takarda ta taso. Takardun gasa na ainihi ba a sayar da su a wajenmu. Na buga wasu a shagon kwamfuta, amma farar takarda yagewa take yi, ba ta nuna inda darma ta shiga. Kwali ya fi, don haka na riƙa roƙon kwalayen sabulu a wurin masu shago ina yankawa, ina zana zobban da biro. Wata rana Baba ya ɗauki ɗaya ya kai kusa da idonsa.

"Da'iragga taka ba ta zamna ba. Da mi kaz zana ta?"

"Da bakin kohi da murhin kwalba."

Ya ajiye ya fita. Can sai ga shi ya dawo da wani ƙarfe mai ƙafa biyu, wanda yake zana da'irar zayyana da shi a gefen shafi. Na san daga akwatin nan ya fito, akwatin da shekara biyu ba a buɗe ba. Ya zauna, ya kafa ƙafa ɗaya a tsakiyar kwalin, ya fara juyawa. Bai kai rabi ba hannun ya fizge, layin ya fita waje. Ya sake wani kwalin, haka. Na sunkuyar da kai ina gyaran gwangwanin darma da ba ya buƙatar gyara.

Shi ya fara magana. "Kai ka ja zobban. Ni in cika baƙin. Cikawa ba ta son hannu mai kyau."

Haka muka raba aikin. Ni ina zana zobba da ƙarfensa, shi yana cika da'irar tsakiya da tawadar da ya dafa da kansa, da wani tsinke da ya tauna bakinsa ya yi laushi. Yakan ɗora tsintsiyar hannunsa bisa matashi, ya fara daga tsakiya ya yi ta faɗaɗawa har ya iso layi. Da farko yana ɗan tsallakewa. Bayan 'yan makonni ya daina. Ƙamshin tawada ya dawo gidan, matata ta ce har ta manta da shi.

Daga cika baƙi ya koma zama a bayana in ina harbi. Bayan sallar asuba in gari ya yi haske muke shiga, kafin rana ta gasa kwanon siton. Yakan shimfiɗa buzunsa kusa da ƙofa, ya zauna yana kallo. Sai wata rana da na harba biyar duk suka watse, ya ce, "Kana riƙe lumhwashi awa mai nutso."

Na juyo.

"In za ni jan dogon layi, ban cika ciki da iska. Sai in saki rabi, in bar rabi, sannan in ja. Kuma hannu kowane shina rawa, har na yaro. Kak ka yi kokawa da shi. Kai dai ka san lokacin da shika lahawa, ka yi aikinka cikin lokacin. In yaw wuce ka, aje, ka sake."

Na karanta irin wannan a waya, amma ban gane shi ba sai da na ji shi daga bakinsa. Na ɗaga bindigar, na saki rabin numfashi, na jira. Bakin bindigar yana yawo kamar kullum, sai ga wani ɗan lokaci da yawon ya ragu. Ban kai ga jan kunamar bindigar ba ya wuce. Na sauke, na sake ɗagawa. A ranar na koyi cewa sauke bindiga ba tare da an harba ba, shi ma wani ɓangare ne na harbin.

Saitin bindigar na farauta ne, bai dace da wannan aiki ba. Na kai wa wani mai walda a Goronyo hoton irin na gasa, ƙaramar huda a baya da zobe a gaba. Ya juya hoton, ya juya bindigar, ya ce in dawo kasuwa mai zuwa. Abin da ya ƙera mini ba shi da kyan gani, amma in na leƙa ta hudar ina ganin baƙin da'irar zaune a tsakiyar zoben. Matsalarsa ɗaya, in ina so in gyara shi hagu ko dama sai na kwance noti na ɗan buga da bayan cokali.

Rigar kuwa matata ce ta ɗinka. Tela ce, da kekenta a ɗaki, mata na kawo mata ɗinkin atamfa. Na nuna mata rigunan da ke bidiyon, na ce tauri ake so don ta tallafi baya. Ta karɓi wayar, tana tsayar da bidiyon tana duba inda aka haɗa kafaɗa.

"Malam, wagga riga ta ko sulke?"

Ta yanko daga sabon tamfol ɗin da muke shanyar shinkafa, ta ninka shi biyu a baya. Kwana huɗu tana fama. Kullum in na dawo aiki sai ta nuna mini karyayyun allurai a murfin gwangwani, ta ɗaga gira. Ranar da ta gama ta tsayar da rigar a tsakar ɗaki, rigar ta tsaya da kanta ba kowa ciki. Muka yi ta dariya har Baba ya aiko a ji lafiya. Da bazara in na sa ta, kafin harbi goma zufa ta jiƙa ni har ƙugu, amma bayana ya daina ciwo.

Wata shida na farko kullum ina ganin ci gaba. Daga nan abin ya tsaya cik. Damina ta shigo, aiki ya yi yawa, ina dawowa daga fadama a gajiye. Makin da nake samu bai ƙaru ba, wani makon ma raguwa yake yi. Abin da ya fi damuna shi ne ban san kuskurena ba, kuma babu wanda zan tambaya. Mai ƙungiya yana da wanda zai tsaya gefensa ya ce ƙafarka ce, ko kanka ne. Ni sai in jingina waya a buhu in ɗauki kaina, in zauna ina kallo, ban ga komai ba sai mutum a tsaye cikin tamfol.

Wata la'asar na ce wa Baba zan bari. Na ce na girma da wannan, kuma ba inda zai kai ni.

"To," in ji shi. Ya ci gaba da jan carbinsa.

Kwana uku ban shiga siton ba. A rana ta huɗu na fito da safe zan tafi aiki, sai na iske kwalaye jere bisa tabarmarsa suna shan iska, kowanne da baƙinsa a cike. Sun fi ashirin. Na duba da kyau, har zobban an zana. Ba su kai nawa daidaito ba, akwai inda layin ya ɗan yi rawa, amma kowace da'ira ta rufe. Shi ya ja su da kansa. Yana zaune gefe yana jan carbi, yana kallon wani wuri daban.

"Ina da sauran tawada," ya ce. "In an bar ta bushewa taka yi."

Na kwashe kwalayen na kai sito. Da yamma na sa rigata.

A cikin shekara ta biyu na ga sanarwa a wani zauren waya na masu sha'awar wasan, cewa za a yi gasa a Abuja, kuma wanda ba shi da ƙungiya yana iya shiga in ya zo da takarda daga jiharsa. Na je ofishin wasanni a birni. Mutumin da na iske ya saurare ni da kyau, ya ce gaskiya ba su da masu wannan wasa, ni ne na farko da ya taɓa zuwa da maganar. Ya nemi ganin kwalayena, ya ɗaga ɗaya yana leƙen hudojin ta hasken taga, sannan ya rubuta mini takardar.

Ranar tafiya Baba ya yi mini addu'a a zaure, doguwa. Matata ta naɗe rigar a zane ta ɗaure, ta sa mini ƙuli-ƙuli da soyayyen nama a leda. Bindigar tana cikin akwatin katako da na sa kafinta ya yi mata, takardun izini a aljihun gaba. A hanya an tsayar da mu a shingaye, kowane wuri ni nake fara cewa ga abin da nake ɗauke da shi. Wani jami'in da ya karanta takardar ya dube ni ya ce, "Har gasa ake yi?" Na ce ana yi. Ya ce Allah ya ba da sa'a.

Ɗakin gasar ya fi yadda na zata haske, ga sanyin na'ura har cikin ƙashi. Ba a sa kwali, inji ne ke karanta harbi ya nuna maki a ƙaramin allo gaban kowa. Kafin a fara sai an duba kayan kowane ɗan gasa. Bindigata ta wuce, ko da yake sai da mutane suka taru suna kallonta. Nasu masu tukunyar iska ne, ba a karya su, ba sa girgiza. Wani saurayi ya nemi izini ya ɗaga tawa, ya leƙa saitin mai waldan Goronyo, ya gyaɗa kai.

Rigar ce ta ƙi wucewa. Mai dubawa ya matse bayanta da wani ƙarfen awo, ya ce kaurin ya zarce doka. Ya faɗa da taushi, ya ce in ina so in harba ba riga, ko in gyara kafin a rufe dubawa. Na fita na zauna a matakala da rigar a cinyata. Na sayi reza a wani shago, amma na rasa inda zan fara. Sai na kira matata.

Ta saurara har na gama. Na ji ta kashe rediyo.

"Juya ta ciki waje. Ka ga hwarin zare bisa kahwaɗa?"

"Na gani."

"Shi za ka bi har ƙasa. Kak ka taɓa baƙin zaren, in kat taɓa shi hannun riga dut hita zai yi. Yi sannu, ina nan."

Ta zauna a waya ina farke ɗinkinta ɗaya bayan ɗaya. Ɗinkin ƙanana ne, a matse, sai a lokacin na ga yawan aikin da ta zuba a wurin da ba mai gani. Na ce mata ina jin nauyin ɓata shi. Ta ce, "Tamhol na, Malam. In kad dawo mu sake wata." Na zare shafi ɗaya na tamfol ɗin, na koma ciki. Rigar ta wuce.

Harbina goma na farko ba su da daɗin tunawa. Zuciyata tana bugawa har ina ganin bakin bindigar yana tsalle da ita. Tawa ce ta fi ta kowa ƙara, kuma ni kaɗai ke karya bindiga bayan kowane harbi, ina jin kamar duk ɗakin ni ake saurare. Akwai harbin da ya ba ni huɗu. Na ajiye bindigar a tebur, na dubi ƙasa, na bar agogo yana tafiya. Da na sake ɗagawa sai na daina duba allon, na koma ga numfashina. Daga wajen harbi na ashirin abin ya fara zama. Bakwai, takwas, takwas, tara. Can wajen na arba'in da wani abu na ja kunama, tun kafin in duba na san ta tafi daidai. Goma ce. Ba wanda ya juyo, kowa yana kan nasa. Na gama sittin ɗina saura 'yan mintuna, hannuna na hagu kamar ba nawa ba.

Na zo na biyu daga ƙarshe.

Ina haɗa kayana sai wata dattijuwa ta tsaya kusa da ni. Mai horar da wata ƙungiya ce daga kudu, na ga 'yan wasanta suna rusuna mata. Ta ce ta yi hidimar ƙasa a arewa tun tana budurwa, tana jin Hausa kaɗan. Ta ce in tsaya yadda nake tsayawa. Na tsaya. Ta taɓa ƙafata ta baya da takalminta ta matsar da ita, ta tura ƙuguna gaba, ta sauke gwiwar hannuna ta zauna bisa ƙashin ƙugu. Nan take nauyin bindigar ya bar kafaɗata ya sauka ƙasa ta cikin ƙashi. Shekara biyu ina ɗaukar nauyin nan da tsoka, ta gyara shi cikin minti goma.

"Tsayuwarka ba kyau," ta ce. "Amma numfashi da jan kunama, akwai kyau sosai. Wa ya koya maka?"

"Babana."

"Soja ne?"

"A'a. Marubuci ne."

Ta dube ni kamar ba ta gane Hausar ba, sannan ta yi murmushi. Ta sa aka ba ni aron bindigar wata 'yar wasanta na harba biyar. Ban taɓa jin abu mai laushi haka ba, kamar tunanin harbin kawai na yi ta tashi. Kafin mu rabu ta ce in riƙa ɗaukar kaina a waya ina tura mata, za ta duba in ta samu sarari. Ta cika alkawari. Har yau takan aiko da gyara, gajere, wani lokaci kalma uku.

Na iso gida washegari da la'asar. Baba yana tabarmarsa. Bayan gaisuwa na zauna ina jira ya tambayi na nawa na zo. Bai tambaya ba. Ya tambayi hanya, ya tambayi inda na kwana da inda na yi salla. Sannan ya ce, "An yi maka wulaƙanci?"

"A'a, Baba. An karɓe ni da kyau."

"Madalla."

Ni na gaya masa sakamakon da kaina, na kuma gaya masa abin da dattijuwar nan ta ce, da tambayar da ta yi. Ya dubi hannunsa na dama da ke bisa gwiwarsa. Sannan ya ɗaga murya ya ce wa matata, "Ɗiyata, a ɗora muna shayi, matahiyi ya gaji."

Har yanzu ba mu da ƙungiya. Na sake zuwa gasa sau biyu, na ɗan matsa sama, ban kai ko kusa da na gaba ba. Amma labari ya zaga. Wata ranar Laraba da yamma na dawo daga fadama na iske wani baƙo a zaure, dattijo mai furfura a gemu, ya kai shekara hamsin. Ya ce daga Rimawa yake, fataucin albasa yake yi, a kasuwar Goronyo ya ji zancena.

"Kai na malamin gonad da yat tahi Abuja harbin takarda?"

"Ni na."

Ya ce shi tun yana yaro ba a fin shi saiti da danƙo, yana so ya gwada ya gani. Na kai shi sito, na nuna masa yadda ake riƙewa da inda ba a taɓa juya bakin bindiga. Ya tsaya da ƙarfinsa, ya ɗaga, ya harba da sauri. Muka je dubawa tare. Kwalin lafiya lau, ko gefensa bai taɓa ba. Ya shafa buhun yashin har ya samo hudar, can ƙasa, kusan taƙi guda daga inda ya nufa. Ya tsaya yana kallonta yana shafa gemu.

"Ashe abinga da wuya," ya ce a hankali.

Na ce da wuya.

Ya sake gwada huɗu, ta ƙarshe ta ɗan ci kusurwar kwalin. Ya nemi in ba shi kwalin, ya ninke ya sa a aljihu. Da na raka shi wurin babur ɗinsa ya tambaye ni wace rana ba na zuwa aiki. Na ce Asabar. Ya ce ko zai takura mini in ya riƙa zuwa. Na ce ni ma ban san abin da yawa ba, amma abin da na sani zan nuna masa.

Ranar Asabar ɗin tun ban gama karin kumallo ba na ji sallamarsa a ƙofar gida.